Taragon Ƙanƙara a Kisimeni

Litinin, 7 ga Fabrairu 1977, ƙarfe ɗaya na rana

Kwana uku ke nan da rufe iyaka. Jirgin ƙasa mai zuwa Moshi ta Tanzaniya yau ma bai wuce ba. Ya iso ƙarfe sha ɗaya kamar kullum, ya sha ruwa, aka cire injin aka mayar da shi ɗaya gefen, ya koma Voi. Shekara goma sha tara ina akawu a wannan tasha ta Kisimeni, a gefen Kenya, ban taɓa ganin jirgi ya juya a nan ba. Mil huɗu ne tsakaninmu da Tanzaniya. Layin dogo bai san an rufe komai ba, yana nan a miƙe yana ƙyalli.

Temba direba ya sauko yana goge hannu da tsumma, ya leƙo tagar ofis.

"Kai Mcharo, ɗan jari-hujja, ka ga abin da kuka jawo? Kun riƙe jiragen sama, mu kuma mun rufe ƙofa."

Na ce, "Ndugu, ɗan'uwana ɗan gurguzu, sabulu fa, wa zai ba ku? Nan da mako biyu daga nan za mu riƙa jiyo warinku."

Ya yi dariya har da dukan taga. Ya ce yau da baya-baya zai koma Voi, kamar rago mai shirin karo. Ya ce manya ne suka yi faɗa, kafin Ista za su gaji. Tarayyar ƙasashen nan uku da muke wa aiki, in ji shi, ta fi ƙarfin fushin mutum biyu. Abin da ya dame shi kawai Haika, 'yarsa tilo, tana makarantar jinya a Moshi, kuma waya ba ta shiga. Ni na tsaya mata ranar baftisma. Na ce masa Haika ta fi mu wayo mu biyu.

Laraba, 9 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Ranar kasuwa. Matan dutsen da ke ƙetaren iyaka ba su sauko ba. Matata Wakesho ta dawo da kwando rabi, babu ayaba ko guda. Ta ce rumfunan 'yan ayaba wayam, sai awaki a kwance. Manyan motoci tara suna jere a bakin shinge, ɗaya tumatir ne a ciki, ƙudaje sun fi direban yawan magana.

Tuwon masara da ganye muka ci. Ta ce, "Baban Samba, kai da kake kusa da waya, me suke cewa?" Na ce waya ba ta cewa komai sai lambar taragai.

Juma'a, 11 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Saƙo ya zo daga hedkwata. Kowace tasha ta aika sunayen ma'aikatan da ba 'yan ƙasa ba. Bwana Mutiso, shugaban tasha, ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu, ya sake fito da shi. Ya ce Litinin za mu zauna da fayiloli.

Ban taɓa tunanin wane ɗan ina ne a tashar nan ba. Na san wa ke cin barkono, wa ke bugun matarsa, wa ke waƙa a coci. Hula ɗaya muke sawa, tambari ɗaya.

Litinin, 14 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Na buga takardar. Suna bakwai. An aika.

Talata, 15 ga Fabrairu, da safe

Zafi. Dutsen ya fito tas yau, fari sal a samansa. Ban so kallonsa ba.

Alhamis, 17 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Wasiƙu bakwai sun zo a jirgin jiya. Bwana Mutiso ya ce ciwon kai yake yi, ni zan raba. Aiki ya tsaya daga yau, gidajen ma'aikata a bar su kafin ƙarshen Maris.

Shida sun karɓa, sun riga sun sani. Temba na same shi a gindin tankin ruwa yana shan shayi. Ya ga ambulan a hannuna ya ce, "Haika ce?" Na ce a'a. Ya buɗe, ya karanta a hankali, leɓunansa suna motsi. Ya juya takardar ya duba bayanta, kamar akwai sauran magana a can.

"Ai ni a Voi aka haife ni, nan Kenya. A barikin ma'aikata, ɗaki na sha biyu. Babana ne ya zo daga Marangu ta Tanzaniya ya shimfiɗa wannan layin. Kai ka san fayil ɗina, Mcharo."

Na ce daga sama abin ya zo.

Ya ce, "Daga sama." Ya shanye shayinsa, ya ɗauraye kofin, ya rataye a ƙusarsa, ya tafi wajen ofishin Bwana Mutiso. Ni na koma kan tafireta na buga jadawalin mako mai zuwa, na yi kuskure uku.

Mwaluma, ƙanen Wakesho, wanda ya shekara goma sha biyu yana kula wa Temba da wutar inji, shi zai riƙa jan jirgin kafin a ga abin da hali ya yi.

Lahadi, 20 ga Fabrairu, bayan coci

A rediyon nan ana zaginsu, a rediyon can ana zaginmu. A ƙofar coci wata mata ta ce wa Mama Haika, matar Temba, "Yaushe za ku tafi ne?" kamar tana tambayar lafiyar yara. Shekara ashirin suna rera waƙa a benci ɗaya.

Temba ya biyo ni gida. Wakesho ta kawo shayi ba sukari, ta ba da haƙuri, don sukari duk ya bi daji ya tsallaka. Ya ce, "Shemeji, surukata, bar shi, mu can mun saba, an ce yana ɓata haƙori da siyasa."

Ya ce jibi zai bi hanyar ɓeraye, wadda 'yan fasa-ƙwauri suka buɗe ta cikin gonar sisal, shukar nan mai ƙaya da ake igiya da ita, zuwa busasshen rafi. Zai ga Haika, ya hau Marangu ya ga ko 'yan'uwan babansa za su yanka masa wuri a gonar ayaba. Kwana biyu ya dawo. Na ce ya jira, ana harbi a hanyar. Ya ce mutumin da ya ja jirgi ta cikin dajin Tsavo shekara ashirin da biyu ba ya tsoron ɗan sanda mai gajeren wando.

Da na raka shi ƙofa ya tsaya ya dube ni. Ya daɗe. Na ce mene ne. Ya ce, "Ka yi furfura, ɗan jari-hujja." Ya tafi.

Talata, 22 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Ya tafi tun da sassafe, in ji Mama Haika, da sabulu sanda uku a cikin jaka.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, da yamma

Bai dawo ba. Mutum in ya je gida ba a sakinsa da wuri. Haka na gaya mata.

Juma'a, 25 ga Fabrairu, da yamma

Bai dawo ba.

Asabar, 26 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Leburorin layi suka zo wajen ƙarfe goma, su biyu, ba su tura kekensu na kan layin dogo ba, da ƙafa suka zo da gudu. Sun same shi a kwalbati na mil uku. Na bi su.

Ba zan rubuta ba.

Takalmansa duka biyu suna ƙafarsa. Wannan kaɗai zan rubuta, don Mama Haika ta tambaye ni, kuma na iya ce mata e.

Litinin, 28 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu na rana

'Yan sanda sun gama. Ɗaya ya ce ɓauna, ɗaya ya ce 'yan fasa-ƙwauri, na ukun ya ce 'yan sintirin can ne, ba namu ba. Takardar likita ta ce rauni a kai. Kowa ya sa hannu, kowa ya tafi cin abinci.

A gefenmu aka same shi, fuskarsa wajen tasha. Yana dawowa ne.

Asibitinmu ba shi da ɗakin sanyi. Fasto ya ce a binne shi yau a maƙabartar coci. Mama Haika ta ce a'a. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Bachagga, ɗan ƙabilarsu, a gonar ayabar ubansa yake kwanciya, Baban Haika ya sha faɗa mata, kuma 'yarsa ba ta gan shi ba. Ta ce ko da kanta za ta ɗauke shi.

Bwana Mutiso ne ya tuno da taragon ƙanƙara, wanda ke kai man shanu da nama daga dutse zuwa Mombasa. Tun da aka rufe iyaka yake tsaye a ƙaramin layi ba kaya. Ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, makulli yana jikin ƙusa. Muka sa akwatin a ciki. Mwaluma ya kawo ƙanƙara daga Voi a jirgin yau, ya lulluɓe da garin katako da buhuna, yana yi yana kuka kamar mace mai naƙuda.

Taragon daidai tagata yake.

Talata, 1 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Mun je shinge, ni da Mama Haika. Na sa rigar aiki da hula don a ga tambari.

Jami'inmu ya ce shi ba ruwansa, mutumin ɗan can ne, ga wasiƙar sallama ta faɗa, mu ɗauke shi mu tafi in sun buɗe. Muka taka zuwa ɗaya shingen, taku ɗari biyu a rana. Jami'in can na san shi sarai. Har watan jiya ofis ɗaya suke zaune da namu, kwano ɗaya suke ci. Ya gaishe mu da kyau, ya ba Mama Haika kujera, ya duba takardu.

"Ndugu, nan an rubuta an haife shi a Voi."

Na ce babansa ɗan Marangu ne.

"Ban musa ba. Amma takarda ta ce ɗan Kenya ne. Mama tana iya shiga yau ma, tata ta ce Marangu. Shi kuwa sai da izini daga Dar es Salaam."

Na ce to mu Kenya mun kore shi a kan ɗan Tanzaniya ne.

Ya ce, "Wannan kuma ku ya shafa." Sai ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Ya sha ɗauko ni a inji kyauta. Wallahi in na buɗe, gobe ina Dodoma ina gadin shanu."

Mama Haika ta tashi ta gyara zane. Ta ce, "Shemeji, mu tafi. Rana tana cin ƙanƙara."

Laraba, 2 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin taragon. Ɗis. Ɗis. Ya yi ɗan rami a tsakuwa, tsuntsaye suna zuwa sha. Na aika a kore su, sun dawo.

Na rubuta wa Dar es Salaam wasiƙa. Babu jirgin da zai kai ta. An ce wasiƙar Moshi yanzu sai ta zaga ta wata ƙasa, mil huɗu sun zama wata guda.

Alhamis, 3 ga Maris, da safe

Mama Haika ta aiko da ɗan ƙunshi. A jakarsa aka samu, tare da wasiƙar Haika da ayaba ɗanya. Garin kofi ne na gonarsu, a cikin takardar jarida, an ɗaure da zaren ayaba. A jiki ya rubuta da fensir: na ɗan jari-hujja.

Na sa a aljihun tebur. Ofis duk ya ɗauki ƙamshi. Bwana Mutiso ya shigo ya shinshina ya ce wa ya samo kofi. Na ce ban sani ba.

Juma'a, 4 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

An tabbatar wa Mwaluma da aikin direba. Wasiƙar ta bi ta hannuna. Har da gida: na direba, ɗaki biyu da famfo, in masu shi sun tashi.

Wakesho ta yanka kaza. Ta yi a ɓoye, a bayan gida, ta rufe taga don kada ƙamshi ya fita. Mwaluma bai zo ci ba. Ta ce, "Shekara goma sha biyu yana ƙonewa a bakin wuta, da 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya. Ba mu muka kashe kowa ba. Ko mu muka kashe?" Na ce ba wanda ya ce. Ta ce, "To ka ci mana." Na ci. Kazar ta yi daɗi, abin da ya fi damuna ke nan.

Asabar, 5 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ba jirgi yau. Ni kaɗai a ofis da ɗigar nan.

Ɗazu na ɗaga kai na ga mutum a gindin tankin ruwa, ya ba ni baya, yana ɗauraye kofi. Na miƙe har kujera ta faɗi. Leburan tanki ne. Kofin kuwa yana rataye a ƙusarsa, ba wanda ya taɓa.

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Shida ne. Fayiloli shida ne suka ce Tanzaniya ko Yuganda. Na gama bugawa har na zare takardar. Bwana Mutiso ya tsaya a kaina ya ce, "Shi ke nan? Ka tabbata ba mu bar kowa ba? In suka gano mun ɓoye wani, ni da kai ne za mu bi su." Ya juya zai fita. Ya riga ya kai ƙofa.

Na ji bakina ya ce, "Temba fa?"

Ya tsaya. Ya ce fayil ɗinsa Voi ya ce. Na ce amma kowa ya san ɗan Marangu ne, in wani ya kai ƙara fa. Ya dube ni, ya ce, "Kai ne akawu." Na mayar da takardar cikin tafireta. Layin na bakwai ya ɗan karkace daga sauran, duk wanda ya duba zai gani.

Tsoro ne. Kwana goma sha tara ina gaya wa kaina tsoro ne, ina da 'ya'ya a makaranta, saura shekara shida in yi ritaya. Amma da safen ranar Wakesho ta yi maganar Mwaluma da ɗakinsa ɗaya, kamar yadda take yi kullum, kuma na fita da maganar a kunne. Ban san wanne ne ya buɗe mini baki ba. Na juya shi ta kowane gefe. Ban sani ba.

Lahadi, 6 ga Maris, da yamma

Ban karɓi Jibin Ubangiji a coci ba. Na ce cikina ne.

Litinin, 7 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Jirgi ya zo ba ƙanƙara. Mai yin ta a Voi ya rufe, ya ce tunda kifi da nama ba sa tsallakawa ba ya kunna inji don gawa ɗaya. Mwaluma ya buɗe taragon ya leƙa, ya rufe da sauri. Ya ce kwana biyu, in an yi sa'a.

Muka je wurin Mama Haika. Tana zaune a tsakar ɗaki, ta ɗaure kayanta ƙunshi biyu, ga kan keken ɗinki a naɗe cikin bargo. Ashe ta riga mu. Ta aika da saƙo tun Juma'a ta hannun Mama Aikande, mai ayaba, wadda ke bin hanyar ɓeraye sau biyu a mako da garin kofi a ƙarƙashin zane. 'Yan'uwansa za su jira a busasshen rafi ranar Laraba da tsakar rana. Ranar kasuwa ce, 'yan sintirin duka biyu suna can hanyar gabas suna tare mata.

Ta ce, "Mutum huɗu nake nema." Mwaluma ya ce shi ɗaya, leburorin da suka same shi biyu. Ta dube ni. Na ce ni ne na huɗu.

Wakesho ta ce in aka kama ni fa, fansho fa, yara fa. Na ce na ji.

Laraba, 9 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ƙarfe sha ɗaya da rabi Bwana Mutiso ya ce zai je duba famfon rijiya, kuma zai daɗe. Muka ɗora akwatin a keken leburori, muka rufe da tamfol, Mama Haika ta zauna a gefe da ƙunshinta. Muka tura. Wata guda kacal ba jirgi, amma layin ya yi ja da tsatsa, ciyawa ta fara leƙowa tsakanin katakai. Ƙafafun keken suna kuka, ina jin kamar har Nairobi ana ji.

A kwalbati muka sauka. Ba wanda ya kalli ƙasa. Muka ɗauka a kafaɗa, ni da Mwaluma a gaba. Warin ba zan rubuta shi ba. Sisal ya yayyage mini wando, ruwan akwatin yana bin wuyana yana shiga riga. Sau uku muka ajiye. A na biyun Mwaluma ya ce, "Mzee Temba ya yi nauyi, shi da kullum yake cewa ni ne mai ci." Muka yi dariya, mu duka, har Mama Haika.

Suna can a ɗaya gaɓar, ƙarƙashin wani ɓaure, maza shida da ganyen ayaba a hannu. Haika tana tsakiyarsu da farar rigar makaranta. Suka sauko cikin yashi, muka sauka, a tsakiyar rafi muka sauya kafaɗu. Wani tsoho mai kama da shi, har tsagar haƙori, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Kai ne Mcharo? Ya ba mu labarinka. Allah ya biya ka." Haika ta rungume ni tana cewa Baba, Baba. Ta ce in zo mu hau tare, gobe ne binnewa, ta yaya za a yi ba ni. Na ce aiki. Na ce ba ni da takarda.

Suka fara hawa. Mama Haika ta tsaya gyara ɗaurin kan keken ɗinkinta. Na ce, "Shemeji, akwai maganar da zan faɗa miki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ta suna na bakwai?"



Ta ce, "Ranar da ka ba shi wasiƙar ya je wurin Bwana Mutiso da maganar Voi. Shi kuma ya ce ba shi ya sa ba, wai ya je ya tambayi abokinsa. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Na ce zan je in same ka a gaban matarka. Ya hana ni. Ya ce Mcharo matsoraci ne tun muna samari, ko kare ya yi haushi sai ya hau bishiya, in ya san na sani ba zai ƙara iya shan shayi da ni ba, ni kuma da wa zan sha? Ya sa na rantse ba zan gaya maka ba."

Na ce, "To me ya sa kika gaya mini?"

Ta ɗora keken a ka, ta daidaita shi. Ta ce, "Shi ya yafe maka. Ni ban ce na yafe ba. Na so ka ɗauke shi tukuna."

Ta hau gaɓa. Ba ta waiwayo ba. Haika ce ta waiwayo tana ɗaga mini hannu, ba ta ji komai ba. Na ɗaga mata.

Mun dawo da keken ƙarfe uku. Bwana Mutiso ya ce famfon lafiya lau yake.

Alhamis, 10 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Yanzu ake sa shi a ƙasa, in sun bi lokaci. Gajimare ya rufe dutsen tun safe.

An wanke taragon da ruwan zafi da toka, an haɗa shi a jirgin gobe. Hedkwata na nemansa a wani layin. Ɗigar ta tsaya tun jiya. Ina ta ɗaga kai daga tafireta ina jiran ta.

Juma'a, 11 ga Maris, da safe

Sababbin takardun ofis sun zo, da sabon tambari, sunan ƙasa ɗaya a sama. An ce tsofaffin a juya su a yi amfani da bayansu.

Asabar, 12 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Yau Mwaluma ya tare. Bai so ba, ya ce a bari wata ya ƙare, matarsa da Wakesho suka ce gida in ya zauna ba kowa wani za a ba. Yara biyar suna ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, suna buɗe famfo suna rufewa. Ƙaramar ta zo ta ja ni da hannu, wai Kawu zo ka gani, ruwa a cikin gida.

Labulen Mama Haika yana nan a taga. Wakesho ta ce mai kyau ne, a bar shi.

Gadonsu bai shiga ƙofa ba sai da aka karkata shi. Mwaluma ya riƙe gefe ɗaya, ya tsaya yana duba wanda zai kama masa. Wakesho ta ce, "Baban Samba, kana tsaye kamar baƙo, ka kama masa mana."

Na sa kafaɗa. Wurin bai warke ba tun Laraba. Muka shiga da shi.